Tonton Fenelon da Tumatirin Yamma

Duk abin a kan dala talatin ya faro.

A watan Maris mai gidan da muke haya, Musye Dinardo, ya aiko da takarda wai daga Yuli haya za ta tashi daga dala ɗari takwas da saba'in ta koma ɗari tara. Tonton Fenelon, wato kawuna, yayan mahaifiyata, wanda nake zaune a wurinsa tun da aka kawo ni Montreal daga Haiti, ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, sannan ya daki tebur har cokula suka yi tsalle.

"Ni? Ni Fenelon za a yi wa ƙari? Jislen, gaya wa yarinyar nan ko ni wane ne a harkar ciniki."

Matant Jislen, matarsa, tana suyar agada, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce mini, "Mai gadin filin ajiye motoci ne, Widlin."

"Kafin nan! A can gida! Na taɓa sayen akuya rabin kuɗinta, mai ita har ya biyo ni da igiya kyauta yana godiya."

"Akuyar da ta mutu a hanya?"

"Wannan maganar daban ce. Ku saurara ku ƙaru. Garin nan kowa rana ɗaya yake tashi daga gidan haya, ɗaya ga Yuli. Wawaye su ne masu rububin neman gida tun yanzu. Gidan haya tumatir ne. Da safe mai tumatir hura hanci yake. Bari yamma ta yi, kaya su fara ruwa, shi ne zai dinga kiranka yana 'zo mana, yallaɓai.' Duk gidan da ya kai yammacin ɗaya ga Yuli ba kowa a ciki, mai shi hawaye zai yi. A lokacin ni zan bayyana. Ɗaki biyar, dala ɗari shida, har da sabon fenti."

Matant ta ce, "In tumatirin ya ƙare fa?"

"Tumatir ba ya ƙarewa, Jislen."

Ya zauna ya rubuta wa Musye Dinardo wasiƙa shafi uku cewa mun tashi. Ya karanta mana da ƙarfi. A ciki ya kira shi ɓarawo mai naktai, ya ce ya je ya ƙara wa ɓerayen gidan haya tunda sun fi mu yawa, ya ce sanƙonsa ma na haram ne. Ya liƙe ambulan ya miƙo mini. Wai in je teburin gidan waya da ke can ƙuryar kantin magani, in aika irin wadda sai mutum ya sa hannu kafin a ba shi.

To ga abin da ba wanda ya sani a gidanmu. Ni karatuna bai kai ya kawo ba. Aji uku na yi a Haiti, a nan kuma da aka sa ni makaranta can baya nake zama, in malama ta dube ni in gyaɗa kai. In an ba ni takarda a gida sai in ce idona ke ciwo.

Na je. Matar da ke wurin ta turo mini wani fom mai ƙananan akwatuna, ta ce in cike. Mutum shida a bayana. Wani ya yi tari. Na kalli fom, fom ya kalle ni. Na ce mata na manta kuɗi, na fita da gudu har na ture kwandon man goge baki. Da na dawo gida na cusa wasiƙar a cikin takalmina na lokacin ƙanƙara, can ƙasa.

"Kin aika?" in ji Tonton.

Na ce, "E."

Kullum sai in ce gobe zan koma. Goben ta yi ta zuwa har wata ya ƙare.

A ƙasanmu akwai Madam Bushar, tsohuwa 'yar asalin garin, wadda ke wuni a baranda da sigari tana sa wa titi ido. Wata rana na sauko da shara, na tsaya ina ta murza bakin leda, na ce mata wai wata ƙawata ce aka ba ta wasiƙar ƙin ƙarin haya ba ta aika ba.

Ta ce, "Ai ƙawar taki ta riƙe musu gidansu. In wata ɗaya ya wuce ba ka ba da amsa ba, doka ta ɗauka ka yarda. Shekara guda kuma, da ƙarin."

"To in kawun ƙawar ya je ya kama wani gidan fa?"

"Sai ya biya biyu, 'yata." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ƙawar taki ma siririya ce haka, mai cin farce?"

Na ajiye shara na gudu.

Daga nan addu'ata ta juye. A coci Matant na roƙon Allah ya ba Tonton gida, ni ina gefenta ina roƙon Allah ya hana shi. Na sani in na faɗi gaskiya za a tambaye ni dalili, dalilin kuwa gara ƙasa ta tsage in shige.

A watan Mayu Matant ta matsa, Tonton ya yarda mu je ganin gida ɗaya, wai don mu yi dariya kawai. Muka tarar da layi tun daga ƙofar gidan har bakin titi. Kowa riƙe da jakar takardu: shaidar albashi, wasiƙar tsohon mai gida, wata ma har da hoton karenta sanye da riga. Tonton hannunsa a aljihu.

"Dube su," ya ce da ƙarfi. "Kamar masu neman aikin gwamna."

Da layi ya zo kanmu ya shiga yana yamutsa fuska. Ya ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne. Ya buɗe famfo ya shinshina ruwan. Ya yi tsalle uku a tsakar ɗaki.

Mai gidan, wani dogo da waya a kunne, ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari uku."

Tonton ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan akurkin? Ni kaji ma ba zan zuba a nan ba. Amma don ka ba ni tausayi, ɗari biyar."

Mutumin ya ce, "Na gaba."

Tonton ya ƙifta mana ido, ya raɗa, "Ku taho a hankali. Kada wadda ta waiwaya. Kafin taku goma zai kira mu."

Muka yi taku goma. Muka yi ashirin. Tonton ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, takalmin kuwa silifa ne. Muka isa kantin kwana muka tsaya wajen minti arba'in, yana cewa, "Taurin kai ne da shi, amma zai zo." Can sai ga mutumin a mota, ya wuce ta gabanmu, mai hoton kare na zaune a gefensa tana sa hannu a takarda.

"Kun gani?" in ji Tonton. "Kunya ta hana shi tsayawa."

Ni kuwa hankalina ya ɗan kwanta, har na ci abinci ranar.

Watan Yuni ya shigo, gidajen maƙwabta kullum ana hawa ana sauka ana dubawa, namu ko ƙuda bai zo ba. Na zata Tonton zai gane. Ina! Sai ya leƙa daga barandarmu yana yi wa Madam Bushar bayani.

"Madam, kin lura ba wanda ya zo ganin ramin nan? Wasiƙata ce ta karya shi. Dinardo ko waya ya kasa yi mini."

Ta busa hayaki ta ce, "Lallai wasiƙar nan ta yi tafiya mai nisa, Musye Fenelon." Idonta a kaina. Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki.

Ranar ɗaya ga Yuli aka tashi da wani irin zafi mai danƙo. Titinmu ya cika da manyan motoci, katifu a kan rufin ƙananan motoci, mutane na zagin juna cikin fara'a. Mu ba mu sami motar kwasar kaya ba, don tun watan Fabrairu aka kame su duka. Tonton ya ce ba komai, mota ta wanda ya san inda za shi ce, a sauko da kaya dai tukuna.

Ni na fito da takalman ƙanƙara a ƙafata, masu gashi a ciki, don kada a jefa su a kwali wani ya zazzage.

Matant ta ce, "Widlin, kanki ɗaya kuwa?"

"Ƙafata ke jin sanyi, Matant."

Ta taɓa goshina, ta yi alamar gicciye, ta ci gaba da ɗaure kaya.

Anel, abokin Tonton na coci, ya zo taimako. Matakalarmu irin ta unguwar ce, ta ƙarfe, a waje, a murɗe. Da aka zo kan firji Anel ya ce a kwashe abin da ke ciki a ɗaure ƙofar.

"Ɓata lokaci," in ji Tonton. "Ni na taɓa sauko da janareta daga kan dutse ni kaɗai. Kai riƙe sama, ni ina ƙasa. Abin lissafi ne."

Suka yi taku biyar lafiya. A daidai murɗin, firji ya cije. Ba gaba, ba baya.

"Karkato shi hagu!"

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun firjin, Anel!"

Anel ya karkato. Ƙofa ta wangale. Ƙwai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai kifi, sai babbar kwalbar yajin kabejin Matant, wanda ta jiƙa da attaruhu da ruwan tsami tun Ista. Murfin ya fice, duk ta juye a kan Tonton, daga tsakar ka har cikin riga.

"Idona! Jislen! Wayyo idona!"

"Kada ka saki!" in ji Anel. "In ka saki na mutu!"

Masu tashi daga gidan da ke kallon namu suka ajiye kujerarsu a tsakar titi suka zauna a kai suna kallo. Madam Bushar ta miƙo tiyon ban ruwan furanninta ta wanke Tonton yana riƙe da firji. Sai da wasu ƙarti uku suka taimaka aka sauko da shi.

Da tsakar rana komai namu na bakin titi. Tonton ya koma sama, idanunsa jajur, ya ja ƙofa ta kulle, ya ɗaga makullai sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a ku shaida! Fenelon ya bar wannan kurkuku har abada!"

Ya zura su ta ramin wasiƙu. Na ji faɗuwarsu a ciki, cas.

Ya ce, "Jislen, mu je kasuwa, tumatir ya fara laushi. Widlin, ki tsare kaya."

Anel ya tafi gida wanka. Madam Bushar ta shiga barcin rana. Aka bar ni ni kaɗai a kan katifa, ƙafafuna na dahuwa.

A ranar tashi, duk abin da aka gani a bakin titi ɗauka ake an yar da shi, kowa ya sani. Ba a yi minti goma ba wasu 'yan jami'a biyu suka tsaya a kan fitilar Matant.

"Kyauta ne?" in ji macen, tana murmushi.

A zuciyata na ce a'a, namu ne, ku ajiye. Amma kaina sai ya yi abin da ya saba yi a aji. Ya gyaɗa.

Suka ɗauki fitila, suka kira abokansu a waya. Kujerun cin abinci suka tafi. Talabijin ya tafi. Wani mai tara ƙarafa ya zo da keke mai jan amalanke ya ɗora murhu. Wani dattijo mai ladabi ya ce bayansa na ciwo, ko zan kama masa teburin nan zuwa motarsa? Na kama masa. Har ya ba ni alewa.

Sai da Madam Bushar ta farka ta fito da tsintsiya ta kori wasu da suka fara jan katifa ina kai. Abin da ya rage: katifa biyu, kwalaye, da firji, shi ma don warin yaji ne.

"'Yata," ta ce, "bakin nan naki ado ne?"

Wajen ƙarfe huɗu sai ga su. Matant a gaba, takalmanta a hannu, fuskarta kamar za a yi ruwa. Tonton a baya ɗauke da wata kujera mai hannu a ka. Bayansu kuma wani saurayi mai kwat da jakar takardu, dillalin gidajen haya.

"Widlin, dubi abin da na tsinta a layi na biyu!" Ya dire ta. "Wani sakarai ya yar. Ƙafa ɗaya ta gutsure, kuma ko waye mai ita ƙazami ne, dubi maiƙon kansa a nan. Amma kyauta ai..."

Matant ta ce, "Kujerarka ce, Fenelon."

Ya dubi kujera. Ya dubi inda kayanmu suke da. Ya dube ni.

"Ina talabijin?"

Na ce, "Ya... tafi."

"Shi kaɗai? Da ƙafarsa?"

"Bar yarinya!" Matant ta daka masa tsawa. "Gida goma sha ɗaya muka je, duk an kama. Tumatir ya ƙare, Fenelon, har kwandon an sayar! Ka sa hannu a takardar yaron nan kafin mu kwana a titi."

Madam Bushar ta ce, "Me kuka samu?"

"Ɗakin ƙarƙashin ƙasa," in ji Matant. "Dubu ɗaya da ɗari huɗu. Ba taga ko ɗaya."

"Amma na matse shi," in ji Tonton, yana gyara wuyan riga. "Sai da ya yarda zai sa mana labule."

Mutanen titi suka fara matsowa, masu cin fiza a kan matakala suka miƙe. Saurayin ya shimfiɗa takarda a jikin firji, ya toshe hanci, ya miƙa biro. Tonton ya karɓa, ya karkaɗe hannu kamar mai shirin sa hannu a takardar sulhun ƙasa da ƙasa.

Haya biyu. Dubu biyu da ɗari uku duk wata, wannan lissafin ko ni na iya. Bakin biro ya taɓa takarda.

"KADA KA SA!"

Ni kaina ban san muryata ta kai haka ba. Wani kare ya yi haushi. Na zauna daɓas a kan katifa na fara kokawa da takalmin dama. Da ya fita, mutanen da ke kusa suka ja da baya. Na zura hannu na zaro ambulan, ya jiƙe sharkaf, ya lanƙwashe daidai tafin ƙafata.

Tonton ya karɓa da yatsa biyu. Ya ga rubutunsa.

"Ba ki aika ba?"

Na girgiza kai. Karo na farko ke nan da kaina ya yi daidai.

Madam Bushar ta dafa ƙarfen baranda ta yi wa titi sanarwa kamar mai shela: "Bai taɓa barin gidan ba! Nasa ne har baɗi! Ya kwashe kayansa daga gidansa ya raba wa unguwa!"

Titi ya ɗauki ihu. Wani ya buga hon. Saurayin mai kwat ya zare bironsa daga hannun Tonton, wayarsa ma ta riga ta yi ƙara, ya tafi yana cewa, "E, yana nan, dubu ɗaya da ɗari biyar."

Matant ta fizge wasiƙar ta cusa a rigarta, ta rungume ni tana kuka tana dukan bayana, ban san ko godiya ce ko hukunci ba.

Tonton ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku natsu. Duk tsari ne. Ni na ce wa yarinyar ta riƙe, don in gwada kasuwa..."

"To mai tsari," in ji Matant, "ina makullai?"

Tonton ya laluba aljihu, sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofarmu.

Madam Bushar ta ce a kira Musye Dinardo. Tonton ya ce shi da ya roƙi mutumin nan gara ya mutu. Ya hau sama, ya tura 'yar ƙaramar tagar kicin da ke kan baranda, ya ce a Haiti ya sha shiga wadda ba ta kai wannan ba. Kai ya shiga. Kafaɗu suka shiga. Ciki ya ce nan na tsaya.

Ana cikin haka, ƙafafunsa na harbin iska, wandonsa ya zame rabi, sai ga wata farar mota. Musye Dinardo ne, gajere mai sanƙo, ya zo karɓar hayar wata kamar yadda ya saba. Ya hau matakala a hankali, muna biye da shi, ya tsaya yana kallon abin da ke cikin tagarsa.

"Musye Fenelon? Na gane silifan."

Ya buɗe ƙofa da makullinsa, ya tsallake namu a ƙasa, ya zagaya kicin inda kan Tonton ke reto a saman wurin wanke-wanke.

"Fenti za ku yi ne kuka fitar da kaya? Madalla, ina son ɗan haya mai kula. Wannan watan ɗari tara ne, ka tuna."

Na rantse, a haka, jini ya taru masa a fuska, kabeji a kunne, Tonton ya ce, "Ɗari takwas da tamanin."

"Ɗari tara."

"Da casa'in. Ka ga tagar ma ta matse."

Matant ta zaro gefen ambulan daga rigarta, ta matso da shi daidai hancin Tonton. "Musye Dinardo, mijina ya rubuta maka wani saƙo tun Maris. Har da maganar gashinka a ciki. Fenelon, in ba shi?"

"Ɗari tara!" in ji Tonton. "Ɗari tara, yallaɓai, Allah ya ƙara arziki! Ku ja ni!"

Sai da aka shafa masa man gyaɗa a ƙugu, mutum huɗu suka kama ƙafa, sannan ya fito, ban da wando.

Mako biyu muna cin wake da shinkafa a kan kwali. Ba wanda ya tambaye ni dalilin da ban aika ba, ni ma ban tsokano ba.

Ranar Lahadi kuwa, a ƙofar coci, na ji Tonton ya tara mutane yana cewa, "Ɗaya ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma, na kama gida hawa na biyu a dala ɗari tara. Ku zaga garin nan kaf ku nemo mini irinsa."

Wani ya ce, "Kai, Fenelon! A wace unguwa?"

Matant ta ce, "Ku zo ku gani da idonku. Ku taho da kujerunku."